Ƙuri'a Ɗari Uku da Ƙuri'a Ɗaya

An ce wai an yi wani dattijo a Zariya, ana kiransa Malam Haladu, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana rarraba wasiƙu a gidan waya. Da ya ajiye aiki zama ya gundure shi, sai ya shiga cikin wasu 'yan sa kai masu kula da wata manhaja mai suna Katin Goyo. Manhajar nan ba ta da mai ita. Kowa na iya saukar da ita kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka gina ta, mai ilimin abin kuma ya gyara. Ma'aikatan ƙananan asibitoci ne ke amfani da ita: su shigar da sunan jariri da ranar haihuwarsa, ita kuma duk mako ta fitar musu da jerin yaran da lokacin allurar rigakafinsu ya yi.

Malam Haladu bai iya gyaran manhaja ba, bai kuma taɓa cewa ya iya ba. Aikinsa shi ne tace ƙorafi. Duk wanda ya ga wata tangarɗa sai ya rubuto a zauren da suka buɗe a intanet, shi kuwa ya karanta, ya haɗa masu kama da juna, ya gwada a wayarsa, sannan ya ce wa masu gyara: wannan ne a gaba, wannan na iya jira.

Da fari rigima ba ta ƙarewa, domin kowa gani yake tasa matsalar ta fi ta kowa. Sai dattijon ya kafa ƙa'ida biyu, jama'a suka amince. Ta farko, duk wanda matsala ta shafa ya jefa mata ƙuri'a, mai rinjaye ita za a fara gyarawa. Ta biyu, ƙorafin da aka gwada sau uku ba a ga komai ba, a rufe shi. Da wannan zauren ya zauna lafiya shekara biyu.

Ana nan sai masu gyara suka watse da hidimominsu, saura wata injiniya guda, Barira, ita ma da tsohon ciki. Ta buga masa waya ta ce, "Baba Haladu, likita ya ba ni kwana huɗu in rufe kwamfuta. Gyara ɗaya zan iya, in na tafi kuwa sai bayan arba'in. Ka zaɓa mini."

A saman jerin akwai ƙorafi mai ƙuri'a ɗari uku. Duk ƙarshen wata, in an zo buga rahoto, sai manhajar ta rufe kanta, ma'aikata su kwashe yini biyu suna kwafa da hannu. Wahala ce ta gaske, kuma mai jagorancin masu ita wani jami'in lafiya ne a Kaduna, Tanimu, mutum mai kaifin baki. A can ƙasan jerin kuwa akwai wani ƙorafi mai ƙuri'a ɗaya tak, ta wadda ta rubuto shi, wata ma'aikaciya a ƙauyen Rafin Kanya mai suna Sha'awa. Abin da ta rubuta bai cika layi biyu ba: "Yara suna ɓata. Na sa su, ba na ganinsu. Ku taimaka." An gwada sau uku, ba a ga yaron da ya ɓata ba. Bisa ƙa'ida, rufe shi ya kamata a yi.

Malam Haladu ya ɗora yatsa kan maɓallin rufewa, ya kasa dannawa. Ya daɗe yana juya al'amarin. In ya karya ƙa'idarsa yau saboda zuciyarsa ta raya masa wani abu, gobe ba shi da bakin tsawatar wa wanda ya karya ta saboda son ransa. In kuma ya riƙe ta, alhali matar nan gaskiya take faɗa, to akwai yaran da ke jiran allura ba wanda zai kira iyayensu. Daga ƙarshe ya nemi lambarta ya kira ta.

Ya ce, "'Yata, kada ki ba ni labari. Ɗauki wayar ki shigar da yaro ɗaya yadda kika saba, kina gaya mini abin da hannunki ke yi."

Ta ce, "To, Baba. Na sa suna. Na sa sunan uwa. Na sa shekara, na sa wata. Na danna adanawa."

"Ranar fa?"

Ta yi dariya. "Wace rana, Baba? Nan ai ba a zuwa mana da takarda. Uwa za ta ce maka ta haife shi bayan an yanke gero, kafin bikin ƙanwarta. Watan ma da ƙyar muke lalubo shi. Gurbin ranar sai in bar shi haka."

Dattijon ya gwada a tasa wayar, ya bar gurbin ranar babu komai. Manhajar ta amsa masa da cewa an adana. Ya buɗe jerin masu jiran allura, yaron ba ya ciki. Ashe duk masu gwajin 'yan birni ne, hannunsu bai taɓa tsallake gurbin nan ba. Ya tambaye ta yara nawa ne. Ta ce ta duba littafinta na takarda, goma sha tara ne, ga shi kuma ana zancen ƙyanda ta ɓulla a ƙauyen da ke ƙetaren rafi.

Da Barira ta ji, sai ta ce, "Baba, ai ba sai an yi shawara ba. Kai ne mai tacewa, ka ce in yi, in yi."

Ya ce, "Barira, mutum ɗari uku sun yarda da ni ne saboda ban taɓa zagaye su ba. In na zagaye su yau, ko da a kan gaskiya ne, abin da za su koya shi ne ƙuri'arsu wasa ce, daga nan kuma su daina rubutowa. Wata rana cikinsu ne wata Sha'awar za ta fito, ta ga abu, ta yi shiru. Ba ni yini guda."

Ya rubuta a zaure cewa akwai ƙorafi biyu, gyara ɗaya. Nan take Tanimu ya amsa: "Baba Mai Wasiƙa, ɗari uku da ɗaya har sai an kira taro? Ko lissafin ma ya bi ka ritaya?"

Malam Haladu ya ce, "Ƙa'ida tana nan, Tanimu, ban taɓa ta ba. Gobe da la'asar zan ƙirga, abin da ya rinjaya shi Barira za ta gyara, ko da ba shi nake so ba. Alfarma ɗaya nake nema. Kowannenku ya buɗe littafinsa na takarda, ya nemo yaran da ba a rubuta musu ranar haihuwa ba, ya dubo sunayensu a jerin wannan makon. Wanda ya same su ya riƙe ƙuri'arsa inda take."

Washegari kafin azahar amsoshi suka fara shigowa. Wata a Funtuwa ta ce huɗu sun ɓace mata. Wani a Birnin Kudu ya ce goma sha ɗaya. Gab da la'asar Tanimu ya rubuto: "Bakwai. Ɗaya ɗiyar matar da ke share mana asibiti ce, kullum tana wucewa ta gabana a goye. Na janye ƙuri'ata. Baba, ka yafe mini bakina."

Dattijon ya ce, "Bakinka na nan da amfani. Ka kira mini waɗanda ba su leƙo zaure ba."

Da aka ƙirga, ƙorafin Sha'awa ya tashi da ƙuri'a ɗari biyu da tamanin da shida. Barira ta gama gyaran a rana ta uku. Ma'aikata suka ci gaba da kwafar rahoto da hannu har wata biyu, Tanimu na mita duk ƙarshen wata, amma bai sake cewa an zalunce shi ba. Ita kuwa Sha'awa ta ɗaure akwatin sanyi na alluran rigakafi a bayan babur ta bi gida gida. Yara goma sha takwas ta same su lafiya, ta yi musu allura. Na sha taran ƙyanda ta riga ta kwantar da shi, sai da ya yi mako uku kafin ya tashi.

Ɓarnar da ke damun mutane ba ta rasa masu kai ƙara, amma wadda ba a gani ba ta da kowa. Saboda haka mai hukunci kada ya ƙwace wa jama'a zaɓinsu don ba su gani ba. Ya fara nuna musu, sannan ya ƙirga hannuwansu.