Rubutun Baba Merv Na Dubu

Da idona na ga wannan! Duk wanda ya ce ƙarya nake, ya zo Cunnamulla ya same ni, har karnukan garin sun san gidana.

Akwai wani mai kiwon tumaki, Darcy Pohlner, mai bakin tsiya, ko da yake bai kai ni ba. Muna zauren Facebook ɗaya, inda manoma ke faɗin ruwan saman da ya sauka a gonakinsu.

A zauren akwai Baba Merv, ɗan shekara tamanin da ɗaya, shi kaɗai a gona tun rasuwar matarsa. Kullum ƙarfe tara na safe sai ya leƙa ma'aunin ruwa ya rubuta: "Sifili. Ina nan."

Kusan shekara uku ana fari. Sifili, sifili, sifili.

Al'adarmu, duk wanda ya cika rubutu dubu, sai a kai masa kek har gida a yi masa barka. Ranar da Baba Merv ya yi na ɗari tara da casa'in da tara, Darcy ya dawo ke nan daga harbe tumakinsa arba'in da yunwa ta kayar. Zuciya ta ɗebe shi, ya rubuta:

"Haba tsoho! Mu ma muna da ido, mun ga sama. Duk kwaɗayin kek ne ya sa ka wannan naci? Ka bar mu mu ji da abin da ya dame mu."

Baba Merv ya amsa: "Yi haƙuri, ɗana. Na bari."

Washegari tara ta yi, shiru. Kashegari ma shiru. Raelene, matar Darcy, ta ce: "Anya lafiya? Mutumin nan bai taɓa fashi ba fa."

Darcy ya ce: "Fushi yake yi. Tsofaffin nan sun fi jarirai rigima."

A kwana na uku ta gasa kek ta dangwarar a gabansa. "Ɗauki ka kai masa, ka ba shi haƙuri. In ka ƙi, yau da karnuka za ka ci abinci."

Kilomita saba'in Darcy ya tuƙa yana shirya zolayar da zai yi masa. A gindin ma'aunin ruwa ya same shi kwance, ƙugu a karye, rai ya fita. Wayarsa na can kan tebur a kicin. Likita ya ce ya yi kwana biyu a wurin da ransa.

Wajen jana'iza, Kerryn, 'yar marigayin, ta riƙe hannun Darcy ta yi masa godiyar zuwa. Ba ta cikin zauren, ba ta san komai ba. Ta ce: "Mama ce ta sa shi rubutun nan kafin ta rasu. Ta ce duk ranar da tara ta yi ba a gani ba, maƙwabta za su zo duba shi."

Darcy ya kasa ɗaga kai.

Da gari ya waye ya koma gonar, ya tsaya har tara ta yi, ya rubuta: "Gonar Baba Merv. Rubutu na dubu. Milimita goma sha biyu. Barka, Baba." Mutum ɗari huɗu suka yi barka, wanda ake yi wa ba ya ji.

To, milimita sha biyun nan ni na ƙara, zuciyata ce ta kasa ɗauka. Ko ɗigo ba a yi ba, sifili Darcy ya rubuta.

Darasi: Wanda yake damun ka da rubutu kullum, wataƙila hanyarsa ke nan ta cewa yana raye. Kada ka rufe masa baki, kuma in ka ji shi shiru, tashi ka je yau. Ku tura wa 'yan zaurenku.