Wanda Ya Jira Kowa Ya Sha

An yi wani mutum a wani ƙauye, tun zamanin da majami'a take da jinkar ciyawa, sunansa Habila. Bawan Allah ne da kuturta ta taɓa kamawa. Ya yi shekaru a gidan jinyar kutare har ya warke, amma ciwon ya tafi da yatsunsa. A can ya ji bishara, a can aka yi masa baftisma.

To, ku saurara. A lokacin fasto ba kullum yake zuwa ba. Sai a yi watanni ba a ga kekensa ba, ranar da ya zo kuwa ranar ake Jibin Ubangiji. Ƙoƙo ɗaya ne, da jan zoɓo a ciki, wannan ya kurɓa ya miƙa wa wancan. Babu ranar da Habila yake ɗoki kamarta. Tun jajibere matarsa Rifkatu za ta wanke masa riga.

Amma Habila yana da ido. Ya ga wanda ya karɓi ƙoƙon daga hannunsa sai ya kai baki kawai, bai sha ba. Ya ga wata ta goge bakin ƙoƙon da gefen zane, ta sake gogewa.

Ran nan Filibus, dattijon ikilisiya, ya same shi a gona, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ba wani abu ba ne, mutane ne suke magana. Wasu sun ce za su daina zuwa. Ko za ka riƙa jira sai kowa ya sha?"

Habila ya ce, "To, Baba. Kada wani ya rasa teburin Ubangiji saboda ni."

Da Rifkatu ta ji, ranta ya ɓaci. "Maigida, ai ka warke, su ma sun sani! Cewa suke yi zunubi ne Allah ya kama ka da shi, kai kuma ka ce to? Wai me ka yi wa Allah?"

Ya ce, "Ban sani ba, Rifkatu. Na tambaye shi har na gaji, bai gaya mini dalili ba. Na dai san da ina kwance, dangina sun gudu, shi bai gudu ba. Wanda ya mutu domina ba ya ƙyamata."

Sai ya koma bencin baya, bakin ƙofa. Wata rana ƙoƙon ya iso da ɗan saura, wata rana ya iso ƙaf. Ko babu komai sai ya tallabe shi da dungulmin hannunsa, ya kai baki, ya ce amin. Kada ku ce abin bai yi masa zafi ba. Ya yi masa zafi! Sau da yawa a hanyar gida yake share hawaye. Filibus kuwa ya san bai kyauta ba, kullum yana cewa a ransa zuwan fasto na gaba zai gyara. Zuwa na gaba, zuwa na gaba, har furfura ta rufe su duka biyun.

Sai Habila ya kwanta ciwon ajali. Fasto ya zo, aka shirya Jibi, Filibus ya waiwaya ya ga bencin baya ba kowa. Nan zuciyarsa ta karye, ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi duk abin da ya faru. Fasto ya ce babu mai sha sai Habila ya sha. Suka ɗunguma gidansa, ƙoƙo cike.

Filibus ya durƙusa. "Ɗan'uwa, mun zalunce ka. Ka gafarta mana. Yau kai ne farko."

Habila ya buɗe ido da ƙyar. "Kowa ya sha?"

"Babu wanda ya sha."

"Ku sha, Baba. Ban riƙe kowa a raina ba. Zan jira."

Suka roƙe shi, ya ce su dai sha. Suka yi ta sha suna kuka, suna gaggawa. Kafin ƙoƙon ya zagayo kansa, Ubangiji ya karɓi abinsa.

'Yan'uwa, ban ji wa Habila tsoro ba, ceton da ya samu babu mai iya tura shi bencin baya. Mu nake ji wa. Wahalar mutum ba shaida ba ce cewa Allah ya yashe shi, kuma ba a ba mu aikin bin diddigin dalilinta ba. An ce mu zauna kusa da shi ne. Kowannenku ya san wanda ya tura baya: mai farfaɗiya, gwauruwa, wanda ciwo ya ramar da shi kuna raɗa a kansa. Kuna cewa za ku gyara. Ku tashi daga nan ku je wurinsa yau, tun yana iya haɗiye abin da kuka kai masa.