Ranar da Ajuji Ta Sa Sarki Huɗa

Tun dajin Marke bai san gatari ba, tun giwa na shan ruwa a inda ake cin kasuwa yau, akwai wani maharbi mai suna Barmo da ya kafa bukka a gindin dutse. 'Ya'yansa biyu: Ajuji, mace, sai ƙanenta Jatau. Jatau bai gaji baka ba, garma ya so. Ajuji kuwa ganga ta ɗauka, wadda uban ya ɗaure da fatar gwanki, tana kaɗa wa mafarauta in za su shiga daji. An ce in ta taɓa gangar nan, wanda zazzaɓi ya kwantar yakan tashi ya nemi kwarinsa, zabin daji kuma su tsaya cik su miƙa wuya. Ajuji 'yar Barmo, mai tada na kwance, tsawa mai ɗaurin zane.

Da Barmo ya rasu, suka koma Birnin Ƙirya, inda Sarki Tunau ke mulki. Tunau yana da gandun da mahayi zai shiga da hantsi ba zai fita ba sai rana ta take. Sarakunan da suka gabace shi rana ɗaya suke kiran gayya a shekara. Shi ya mai da ita kullum, daga ruwan shuka har girbi. Da fari da bulala yake kora mutane, amma aikin bulala aikin ganin ido ne: dogari na juya baya, garma ta tsaya. Sai wata rana ya ji Ajuji tana kiɗa a gayyar wani talaka, ya ga maza suna huɗa kamar ana bin su da wuta, ba wanda ya ɗaga musu hannu. Ya sa aka kawo ta fada, ya ba ta ɗaki da tufafi da nama. A faɗi gaskiya, ta ji daɗi, ba a ja ta da igiya ba.

A ƙasar nan kowane gida yana da takensa, wato kiɗan da aka san kakanninsa da shi. In aka buga taken gidanku aka kira sunan kakanka kana zaune, to ka fita daga zuri'a, ba mai ba ka 'ya, ba mai bin gawarka. In ka tashi kuma, ba ka ajiye garma sai ganga ta sallame ka. Wannan al'ada ta zumunci Tunau ya mai da ita sarƙa, hannun Ajuji kuwa shi ne makullinta.

Damina uku tana bin bayan maza a gandun sarki. Rumbunan fada suka cika, gonakin talakawa ciyawa ta cinye. Mutum goma suka faɗi a bakin aiki, aka ce ajali ne. Na sha ɗaya shi ne Mantau, wanda ke jan gaban layi. Ya kai ƙarshen kunyar da yake huɗawa ya yi aman jini, ganga na kiran sunan kakansa.

Washegari da safe uwarsa Gwamma ta tare Ajuji a bakin rijiya. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ta ba.

"Dogari bai taɓa ɗana ba, Ajuji," in ji ta. "Bulala yana iya kauce mata. Ke ce bai iya kauce wa ba."

Ajuji ta bar tulunta a nan ta tafi fada, ta durƙusa ta roƙi sarki ya ba mutane hutun rana da kwana biyu a gonakinsu. Tunau ya yi dariya, ya ce hannun da ya gaji da kiɗa bai da amfani a jikin mai shi, akwai wanda zai rage mata nauyinsa. Sannan ya ce gobe Jatau ne zai ja gaba a madadin Mantau. Jatau kuwa tuni tari ya kama shi, haƙarƙarinsa duk a waje. Ta same shi ta ce in ta buga taken gidansu ya yi kamar bai ji ba. Ya dube ta ya ce, "Yaya, ki kira Barmo ni kuma in zauna?" Ta san ita ma ba za ta zauna ba.

Aka fita huɗa. Sarki na rumfa a gindin tsamiya da fadawansa, ana yi masa fifita. Ajuji ta kama kiɗa tun raɓa ba ta bushe ba. Da rana ta kai tsaka ta ga garma na karkacewa a hannun Jatau. In ta tsaya, hannunta ya tafi. In ta ci gaba, ƙanenta ya tafi.

Zaman fada bai tashi a banza ba. A bakin tsofaffin matan gidan ta ji cewa kakan Tunau, Gajere, manomi ne kafin a naɗa masa rawani, yana kuma da taken noma da ba a sake bugawa ba tun mutuwarsa. Ta juya wa layi baya, ta fuskanci rumfa, ta sake kiɗa.

"Gajere mai garma bakwai! Gajere da ya huɗe fadama kafin a dama fura! Ina jikan Gajere? Ko Gajere bai bar baya ba?"

Tsofaffin fadawa suka miƙe tsaye ba su sani ba. Ido duk ya koma rumfa. Tunau ya gane abin da aka yi masa: sarautarsa a kan jinin Gajere take tsaye, in ya zauna ya yanke kansa daga gare shi a gaban mutum ɗari uku. Ya yi murmushi, ya tuɓe riga, a ransa kunya ɗaya zai yi a yi masa guɗa ya koma inuwa. Ya sauko ya fizge garmar da ta fi kusa, ta hannun Jatau. Jatau ya zube a ƙasa yana numfashi.

Ajuji ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba. Abin da take buga wa talakawa shi ta buga masa. Ya yi kunya ɗaya, ya yi biyu. A ta uku rawani ya faɗi. A ta huɗu tafin hannunsa ya fashe. Yana waiwayenta, tana kiran Gajere. Dogarai suna riƙe da takubba amma ba mai iya taɓa makaɗiya tana tsakiyar taken kakan ubangidansa. A ta bakwai ya durƙushe, fuskarsa cikin turɓaya.

"Ajuji, ya isa," in ji shi, murya can ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ganga na da ƙara. Mantau ma ya faɗi haka ban ji ba. Ɗaga murya."

Sarki ya ɗaga murya har na ƙarshen layi ya ji. Ya ce a ajiye ganga, kowa ya tafi gonarsa. Sai ta kife ta a ƙasa.

Ba ta koma ɗakinta na fada ba, ta san numfashin sarki zai dawo. Kafin la'asar ita da Jatau da Gwamma da gida arba'in sun kama hanyar dajin Marke. Tunau ya tura dogarai a kan dawaki bayansu, suka komo suka ce kogi ya cika ya hana su ƙetarewa. Tsofaffi sun ce a wannan mako ruwan kogin bai kai idon sawu ba. Dogari ma uwa ta haife shi.

A gindin dutsen Barmo suka sare daji, nan ne Tungar Ajuji. Jatau ya warke, ya ga jikoki. Ajuji ta tsufa ba ta yarda an yi mata kirari a kan wannan rana ba, takan ce a fara ƙirga mutum sha ɗayan da suka mutu a bakin gangarta tukuna. Amma mutanen Tunga ba su bi ta tata ba, sun riƙe godiyarsu.

Har yau in an kira gayya a can, mai gari ne ke riƙe kunyar farko, komai furfurarsa. Mace ce ke kiɗa, daga zuri'ar Ajuji, kuma a gaban layi take tafiya da baya, tana duban fuskokin maza. Da ta ga na farko ya fara haki sai ta kife ganga, kowa ya zauna, ko da hadari ya taso. Mata su kawo ruwa da fura, kafin kowa ya kai ƙwarya baki sai babbar cikinsu ta ce, "Allah ya ji ƙan Ajuji, da ta bar mana mazanmu." Duk gona ta amsa da amin.