Daga Incheon Zuwa Toronto

Akwai wani ma'aikacin kamfani a birnin Daejeon na ƙasar Koriya ta Kudu mai suna Pyo Gwang-su, mutum mai ji da kai kamar ya tashi sama. Ya tura matarsa Mi-ran da 'yarsu Da-eun can Toronto a ƙasar Kanada don yarinyar ta yi karatu, shi kuma ya zauna yana nema yana aika musu.

Da nauyi ya yi masa yawa, sai ya saki gidansu ya kama wani ɗan ɗaki a bayan kasuwa. Bai faɗa wa matarsa ba, wai kada girmansa ya zube. Kullum in za su yi waya ta bidiyo, sai ya jingina da farin bango don kada ta gane.

A ɗakin da ke kusa da nasa akwai wata tsohuwa, Iya Yeom. Kowace safiya sai ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da kwanon miyar kabeji mai zafi.

"Baban Da-eun, ka sha. Dubi yadda ka bushe, sai ka ce busasshen kifi. Mutum shi kaɗai, in ya faɗi wa zai ɗaga shi?"

Maganar nan ta ƙona masa rai. Ya ce, "Iya, na yi miki kama da maraya? Ina da iyali. Daga filin jirginmu na Incheon zuwa Toronto barci ɗaya ne a jirgi. Kada ki sake taɓa mini ƙofa."

Tsohuwa ta ɗauki kwanonta ta koma ɗakinta.

Wata safiya yana waya da Mi-ran, sai bakinsa ya karkace, wayar ta suɓuce, ya zube ƙasa. Yana jin muryarta tana ihu: "Baban Da-eun! Ka yi magana mana! Ga motar asibiti nan na turo gida!"

Hawaye suka zubo masa, don ya san gidan da ya saki ne ta tura motar. Masu motar suka je, suka tarar da baƙin fuska, suka juya.

Yana nan kwance ya ji takun Iya Yeom. Ta zo daidai ƙofarsa ta tsaya. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya kira ta, harshe ya ƙi. Ta ɗan jima, sannan ta wuce, kamar yadda ya umarce ta.

Kafin cajin wayar ya ƙare, ya ji Mi-ran cikin kuka tana cewa ta sami jirgi. Ranar ya san tsawon barci ɗayan nan da yake faɗa: awa goma sha biyar a sama, ban da jira, kuma ko ta sauka ba ta san inda zai kasance ba.

Washegari tsohuwa ta kasa haƙuri, ta kira mai gidan hayar aka ɓalle ƙofar. An same shi da rai, aka kai shi asibiti, aka sanar da Mi-ran inda yake, amma likita ya ce an makara, rabin jikinsa da bakinsa sun tafi ke nan.

Yanzu Iya Yeom ce ke zuwa da miya, Mi-ran na ba shi a baki. Yana so ya ce wa tsohuwar ta yafe masa, amma babu bakin faɗa.

Darasi: Kada ka wulaƙanta na kusa don kana taƙama da na nesa, kuma kada girman kai ya sa ka ɓoye wa iyalinka halin da kake ciki. Ku tura wannan labari ga duk wanda nasa ke wata uwa duniya, ko ya gaida maƙwabcinsa yau.