Rabin Saniya a Fuskar Tabilet

Akwai wani dattijo a Potiskum, Malam Yaji, wanda ya yi shekara talatin yana dillanci a Kasuwar Shanu. Da satar dabbobi ta ishi mutane, ƙungiyar dillalansu ta ɗora masa tsaron wurin lodi, kada a fita da dabbar sata.

Ƙungiyar ta ɗauko wani matashi, Zainulabidin, ya haɗa musu shafin intanet na cigiya. Duk wanda aka sace wa dabba sai a sa hotonta da alamominta. Malam Yaji kuma aka ba shi ƙaramar tabilet, wadda da kaɗan ta fi waya girma, ya riƙa dubawa.

A babbar kwamfutar Zainulabidin shafin gwanin sha'awa. A tabilet kuwa hoto ba ya shiga, kai ya yanke, ƙafafu sun yanke, rubutun alamomi ya zarce gefe ya ɓace.

Malam Yaji ya hau keke napep har shagon Zainulabidin a unguwar Hausari ya kai kuka. Yaron nan ko hannu bai miƙa ya karɓi tabilet ɗin ba. Wai shi aikinsa na zamani ne, ba zai lalata shi saboda wani tarkace ba.

"Baba, shafi lafiyarsa lau. Ku sayi na'urar kirki."

"Ɗana, da wannan nake aiki a cikin rana, ba da taka ba."

Dariya ya yi ya juya wa dattijo ƙeya. Wallahi irin wannan girman kan yana ƙona mini rai. An ba ka aiki don mutane, kai kuma ka yi shi don idonka!

Ana nan aka sace saniyar wata bazawara, Mairam, wadda da nononta take ciyar da marayu uku. Aka sa cigiya a shafin.

Ranar Laraba, kasuwa ta cika maƙil, Malam Yaji ya ga wasu baƙi suna gaggawar tura wata farar saniya mai tsagaggen kunne cikin tirela. Jikinsa ya ba shi. Ya tare su, ya buɗe cigiyar Mairam, sai ga cikin wata farar saniya da tozonta kawai. Farar saniya kuwa ta fi ɗari a kasuwar ranar.

Baƙin suka taso masa, wai ya kawo shaida ko ya janye ƙazafi. A kasuwa kuma ba a riƙe dabbar mutum da zato. Ya murza fuskar tabilet hagu da dama, hoto ya ƙi motsi. Ya kira Zainulabidin sau uku, bai ɗaga ba. Yana tsaye yana kallo, tirela ta tashi.

Da la'asar ya ɗauki Mairam suka je shagon, ya ce a buɗe cigiyar a babbar kwamfuta. Ga saniya nan cikakkiya, kunnen hagu a tsage, an ma rubuta hakan a gefe. Ita ce dai wadda aka loda a gabansa.

Malam Yaji ya daki tebur.

"Na zo har nan na gaya maka! Gyaran awa nawa ne?"

Zainulabidin ya sunkuyar da kai, ya ce bai fi awa biyu ba. Ya kai hannu zai rufe shafin, Mairam ta tare shi.

"Bar min ita na ƙara kallonta. A nan kaɗai ta rage min."

Kafin wata Larabar ƙungiya ta karɓe aikin daga hannun Zainulabidin, labari ya zaga gari, ko mai shagon waya bai sake neman sa ba. Saniyar Mairam kuwa har yau babu labarinta.

Darasi: Idan za ka gina wa mutane shafi, gwada shi a kan ƙaramar na'urar da ke hannunsu, ba a kan taka ba, kuma kada ka raina kukan mai amfani da aikinka. Ku tura wa duk mai wannan sana'a da kuka sani, ko wani ya ji kafin ya jawo wa wata baiwar Allah asara.