Kwalekwalen da Ba Ya Ruɓewa

Wata rana Sarkin Ruwa ya kira Barmo masassaƙi, ya ce, "Jiragen roba ba sa ruɓewa. Ka sassaƙa mini na itace wanda ba zai taɓa ruɓewa ba, ko in ba masu roba wurin aikinka."

Barmo ya sassaƙa, ya cika shi da duwatsu, ya nutsar da shi a tsakiyar kogi.

"Ina jirgina?" in ji Sarki.

"Yana ƙasan ruwa, ranka ya daɗe. Itacen da bai sha iska ba ba ya ruɓewa."

"A ciro shi in gani."

"In ya sha iska, kai ka ruɓar da shi. Sai dai ka nutsa ka duba."

Sarkin Ruwa kuwa gadon rawani ya yi, bai iya iyo ba. Dole ya bar wa Barmo wurinsa.