Rantsuwa a Kan Baƙin Mai

Ya 'yan uwa, da hantsi ne abin ya faru, a tsakiyar damina, hadari ya haɗo ta wajen dajin Kamuku. Amma bari in ɗauko muku shi daga tushe.

An yi wani mutum a Birnin Gwari, direba ne, ya tsufa a kan sitiyari. Yana tuƙa motar Alhaji Ɗalha, mai fataucin hatsi. A tsohuwar motarsu, kullum da safe Alhaji da kansa yake zaro sandar gwada baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya duba.

Sai Alhaji ya sayi mota ta zamani. Aka buɗe bonet, babu sandar. Ita wannan sai ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, injin ya yi ɗumi, ka danna wani maɓalli, ka yi haƙuri, sannan allon gaban direba ya nuna maka man. Mutumin nan bai iya ba. Kuma rashin iyawa ba zunubi ba ne. Da ya tambayi makanike, da an nuna masa. Amma ina! Yaya za a ce shi, da furfurarsa, mota ta gagare shi?

Kullum Alhaji ya ce, "Malam, ka duba mai?"

Shi kuwa ya ce, "Wallahi na duba, ranka ya daɗe."

Wata fitila ruwan ɗorawa ta fara kamawa a allon. Ya ce ai motocin yanzu tsegumi gare su, ya liƙe ta da baƙin salatif.

Ranar nan maciji ya sari Raliya, 'yar Alhaji, a gona. Aka ce sai Kaduna. Uban ya rungume ta a kujerar baya, ya sake tambaya, aka sake rantse masa.

Suna tsakiyar daji injin ya fara ƙara, ya yi hayaƙi, ya buga. Ruwa ya tsuge. Kun san hanyar nan. Wa zai ga mota a tsaye a dajin ya taka birki? Motoci suka yi ta wucewa, Alhaji yana ɗaga hannu. Kafin azahar Raliya ta cika a cinyarsa.

Alhaji bai zagi direban ba. Hannu kawai ya miƙa ya ɓare salatif ɗin, ya dube shi.

Ya 'yan uwa, me zai rage direban nan da shi da ya ce "ban sani ba"? Girman kai ne ya haifi ƙarya, ƙaryar ta jawo sunan Allah, aka yi ta ɗora shi a kan abin da ba a gani ba. Wanda ya yarda da kai ya daina dubawa da idonsa, to amana ce a wuyanka.

Mutumin nan yana nan a bakin tasha, ba ya tuƙi, ba ya magana. Da safe Bakoji mai shayi yakan ajiye masa kofi ɗaya a gefe, ya koma kan teburinsa. Shi kuwa mutumin ko kai ba ya ɗagawa.

Allah ya kiyaye mu da harsunanmu. Amin.